Miƙar da Na Yi Ranar Arba'in ɗin Falmata

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sadakar arba'in ɗin Falmata ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina. Falmata matar Bukar ce, abokina tun muna yara muna lalube tarwaɗa a bakin kogin Haɗeja. Shi ya zauna ya riƙe gonar shinkafarsa a fadama, ni kuwa fatauci ya yi ta yawo da ni, daga Injamena zuwa Khartum, Jidda, har ƙasar Sin. Na dawo da harsuna da dama (babu wanda na iya har ƙarshe) da kuma ɗabi'ar cewa "a can ba haka suke yi ba", wadda na san tana ƙona wa mutane rai.

Bukar Babarbare ne, ni Bafulatani, don haka ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. Sunana a bakinsa "bawana". Shekarar da ruwa ya cinye gonarsa, Falmata ta kwanta, ba ta tashi ba. Bayan sadakar bakwai ya shige ɗakinta, ya saki labule, ya daina fitowa. Sallah ma a zaune yake yi. Na je na tsokane shi, na ce dama Barebari ba su iya komai ba sai kwanciya. Ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji." Tun da muke bai taɓa girmama ni ba sai ranar, kuma ranar na tsorata.

'Yarsa Yagana ta biyo ni har zaure. Ta ce, "Baba, likita ya ce ba wata cuta a jikinsa, zama ne yake sandarar masa da gwiwoyi. Ya ce a riƙa fito da shi hantsi yana miƙe gaɓoɓi, jini zai gudana, ƙashi ya yi ƙwari, barci ya zo, zuciyar ma ta ɗan sake. In ya ci gaba a haka ƙafar za ta tafi, shi ma ya bi ta. Mu ya ƙi jin tamu."

Na ce ta bar min. Ai a ƙasar Sin na ga tsofaffi, wasu sun girme mu, suna taruwa a fili da safe suna ɗaga hannu, suna lanƙwasa jiki a hankali kamar ciyawa a ruwa. Mutanen Jidda gudun rana suke yi, mu kuma shan hantsi muka gada, sai dai a zaune muke shan namu. (Abin da ban gaya wa Yagana ba shi ne, kallo kawai na yi ta tagar masauki ina kurɓar shayi. Ban taɓa gwadawa ba.)

Ranar arba'in dole ta sa ya fito, tunda jama'a sun zo. Na riƙo shi na zaunar a kujera jikin katangar da rana ke bugawa. Ƙafafunsa sun zama kamar kara. A gefe maza sun cika tabarmi, ana jiran liman. Na ce a raina in ya koma ɗakin nan, ba lallai ya sake fitowa ba. Na tsaya a gabansa cikin babbar rigata na ce, "Kalle ni, ka yi yadda na yi." Na rufe ido kamar yadda na ga Sinawa na yi, na ɗaga hannu biyu sama a hankali.

Sai na ji an ce, "Amin."

Na buɗe ido ɗaya. Duk mutanen tabarmi sun ɗaga tafukansu. Saboda ɗan Larabcin da nake ji, an saba ba ni addu'a a unguwa, to sun ɗauka na buɗe ta ke nan. Har Malam Yohanna, tsohon malamin makaranta maƙwabcin Bukar, ya cire hula ya sunkuyar da kai.

Mai hankali da sai ya yi addu'ar kawai a shafa. Ni kuwa na ruɗe, na ce bari in wuce mataki na gaba don su gane motsa jiki nake yi. Na sunkuya zan taɓa yatsun ƙafata. Wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Hulata ta faɗi ta gangara, rigar ta rufto min a ka, na tsaya a nan, ba sama ba ƙasa.

Can wani tsoho ya ce, "Alhaji, ruku'u ne, ko wani abu ne ya faɗi?"

Sai na ji wata dariya mai tsatsa, kamar an buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe. Bukar ne.

Ya ce, "Kar wanda ya taɓa shi. Bafulatani ne, tatsa ya tuna, saniyar yake nema."

Na ji jan ƙafa a ƙasa. Ya dafa katanga ya miƙe da kansa, ya tako har inda nake, ya ɗora hannu a bayana. "Bawana, duk yawon duniyar nan, abin da ka koyo mana ke nan?" Ya ci gaba da dariya, daga nan muryar ta karye. Ya ce, "Da tana nan, da yau ba a ci abinci a gidan nan ba don dariya." Ya kifa kai a bayana ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ciwo kamar ya kashe ni, amma ban ce ya ɗaga ba. Liman ya iso ya same mu a haka.

A sunkuye aka kai ni gida. Ina kwance, kullum da hantsi Bukar zai dogaro sanda ya zo, wai dubiya, alhali tsiya ce ke kawo shi. Da na warke muka riƙa zama a tsakar gidansa, rana na dukan bayanmu, muna juya wuya da idon sawu kaɗan kaɗan yadda likita ya nuna wa Yagana. Ƙafar ta dawo. Ya taka har fadama ya ga dashen shinkafarsa, ya kuma ci sabuwarta. Kafin wata kakar Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makokinsa aka ce in yi addu'a. Na ga mutane na sunne kai suna ɓoye murmushi, idanunsu jajir. Na ɗaga hannu iya ƙirji, ban wuce nan ba.

Abin da na koya shi ne, hantsi da miƙa magani ne, amma tsoho ya fara da wuya kafin ya nemi yatsun ƙafa, kuma ya duba ko akwai tabarma a shimfiɗe kafin ya ɗaga hannu. Ƙuguna har yau bai yafe min ba. Ni kuma ba na son ya warke sarai.