Jaɓa da Zaren Sauraron Sama

A wani daji, majalisar dabbobi ta shirya walimar gano abin da ba a gano ba.

Asalin maganar, Malam Kunkuru ne ya ce idan matattun taurari biyu suka yi karo can ƙuryar sama, girgizar takan iso ƙasa, ta ɗan miƙe ta, ta sake ta, abin da bai kai kaurin gashin ƙuma ba. Majalisa ta sa Dabgi ya haƙa dogayen ramuka biyu, ɗaya gabas ɗaya kudu. Aka ja zaren tsamiya a kowanne, aka haɗa bakin zaren biyu a kan ƙwaryar ruwa, don in ƙasa ta miƙe ruwan ya motsa. Aikin Bushiya shi ne ta zuba wa ruwan ido. Shekara tara ruwan ko gezau.

Shugaban majalisa, Ɓauna, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, gara a gwada ko Bushiya barci take yi. Ya kira Jaɓa a asirce, ya umarce ta ta zaɓi wata rana ta shiga ɗaya daga cikin ramukan ta taɓa zaren da gashin bakinta.

Bayan wata huɗu ta taɓa. Ruwa ya motsa. Bushiya ta kai rahoto, ta roƙi a jira a ji ko irin wannan ƙwarya da dabbobin dajin ƙetare suka kafa ita ma ta motsa, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ɓauna ya ce a jira su riga mu? Aka aika gayyata.

Sau uku Jaɓa ta nemi ganinsa, ana ce mata yana haddar jawabi. Raminta kuwa a gindin tsamiyar majalisa yake, gadon kakanni, kuma ta san abin da akan yi wa wanda ya kunyata manya gaban baƙi. Duk da haka ranar walima ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ba taurari ba ne, ni ce. Kai ka ce in taɓa zaren don a gwada Yaya Bushiya. Na taɓa, ta gani, ba barci take ba. Iyakar abin da aka gano ke nan."

Baƙi suka duƙufa a kan kwanukansu.

Ɓauna ya gyara murya. "'Yar nan, umarnin da muka bayar na asiri ne. In har mun bayar, kin tona asirin majalisa. In ba mu bayar ba, kin yi wa zaren jama'a ɓarna. Ba za mu matsa miki ba, ki zaɓi wanda ya fi miki sauƙi."

Malam Kunkuru, da ya fi kowa sanin gaskiyar lamarin, ya ce wuyansa na ciwo, ya mayar da kai cikin ƙoƙon bayansa. Baki shi ke yanka wuya.

Aka sa Dabgi ya toshe ramin Jaɓa. Ta kwashi 'ya'yanta bakwai, da tsakiyar damina, ta bar dajin.

Tun daga ranar, duk rahoton da ya iso majalisa mai daɗi ne.