Muryar da Ke Ɗakin Yaya Hindatu

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwarmu Saratu ba, duk da na so in manta. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don tsoron kada a gane ni. (In kin gane ni, don Allah ki yi shiru.)

Daga 'Yankuzo na zo Gusau, gidan Inna a Sabon Gari. Ranar lalle bayan azahar mata suka tafi maƙwabta, aka bar ni da Yaya Hindatu, wadda ƙyanda ta tafi da idanunta tun muna yara. Gidan ya yi tsit. Ina wanke-wanke sai na ji muryar mace a ɗakinta, kuma ba tata ba ce. Turanci take zubawa da wani irin sauri, ba ta ko numfashi, tana maimaita kalma guda: "botin, botin, botin."

Na leƙa. Taga a rufe, ɗakin duhu. Yaya na bakin gado tana shafa fuskar waya, wayar kuwa baƙa ƙirin, ko ɗigon haske babu. Amma daga cikinta muryar ke fitowa. Yaya har amsa mata take: "Wuce, ba wannan ba."

(Ni fa ko ruwan zafi zan zubar sai na yi bismilla, in manta ko na yi, in sake.)

Na fara ayatul kursiyyu, na rikice a tsakiya. Na faɗa ɗakin na fizge wayar. Yatsana na sauka a kanta matar ta ce, "Rabi."

Sunana.

Ban san lokacin da na cilla ta cikin randa ba. Ihuna ne ya dawo da mata, hannuwa duk lalle.

"Rabi, me kika jefa a ruwa?" in ji Yaya daga bakin ƙofa.

"Yaya, ta san sunana!"

"Ba dole ba? Saƙon da kika turo min da safe kika taɓa."

Ashe muryar ce ke karanta mata duk abin da yatsanta ya taɓa, hasken kuma Yaya ce ke kashewa da kanta don kada a leƙa mata. Tun safe tana wani shagon intanet tana neman kulolin abinci, gudunmawar da ta so ta zaɓa wa Saratu da kanta. Masu shagon sun zuba hotuna ba bayani, shi ya sa muryar ke ta "botin", wato maɓalli, ba ta faɗin ko na mene ne. Da ƙyar ta lalubo, ta kusa biya. Kuma in ba ta saya ranar ba, kayan ba sa isowa kafin a kai amarya.

Wata gwaggonmu ta Bungudu ta ce, "Ku rangaɗa guɗa, Rabi ta kama aljana da hannu!" Inna kuwa randarta kawai take tambaya.

Wayar ta kwana biyu wajen mai gyara. Kulolin, ni na je kasuwa na zaɓo. Yaya ta shafa su ta ce, "Muryar nan kaɗai ce ba ta taɓa ce min 'kawo in zaɓa miki' ba. Ita kika jefa a ruwa."

Yanzu kafin in yi ihu nakan tambaya. Amma har yau ba na kwana ɗaki ɗaya da wayar.

Don Allah, wanda ya san shagon da ke rubuta launi da girman kaya yadda muryar za ta karanta, ya faɗa mini. Ni dai ba zan sake zaɓa mata ba.