Fuskar Marigayi Sani

Shekara guda ina koyon fentin mai da kwaikwayon wani tsohon zanen Italiya, waliyyin Kirista mai gemu, har na ɗauka na ƙware. Sai maƙwabciyata Zulai ta kawo hoton marigayi mijinta Sani, hoto ɗaya tilo da take da shi, in zana wa marayunta. Fenti ya ɗiga a kan hoton, na goge da isansi, wato fetur, fuskar ta tafi. Ban damu ba, ai tare muka tashi da Sani, sai na zana shi da ka.

Ta daɗe tana kallon zanen. "Malam, wanga Anasara mijin wa ne?" Ashe fuska ɗaya hannuna ya iya, ta waliyyin nan mai dogon hanci.

Yaran sun girma ba su san kamannin ubansu ba. Har yau a kasuwar Mayahi tsarana na cewa, "In na riga ka mutuwa, ka bar ni da hancina."