Ƙidayar Rani a Bakin Tafki

A wani daji da ruwansa ke ƙarewa, tafki ɗaya ya rage. Majalisar dabbobi ta yi shelar za ta ba da shi ga dangin da ya fi kusa da ƙarewa. Biyu suka nema: Tsintara, tsuntsuwa mai shuɗin baya da ke kamun kifi, da Tabawa, uwar kwaɗi, wadda a nan kaɗai take zuba ƙwai.

Ungulu, shugabar zaman, ta sa ƙidaya a tsakiyar rani, don lokacin ne hanya ba ta da taɓo. Tabawa ta ce da rani kwaɗi suna ƙarƙashin laka. Aka ce mata dokar majalisa ba ta san laka ba. Ba ta roƙi kowa ba, ta nutse abinta tare da danginta.

Aka ƙirga dangin Tsintara, bakwai. Aka leƙa tsagar ƙasa, ba kwaɗo ko ɗaya.

Ungulu ta gyara wuya. "Jama'a, kwaɗi sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Tafki na Tsintara ne. Kuma tunda rigakafi ya fi magani, za mu rufe shi da ƙaya, kada wani baki ya taɓa ruwan."

Bakin Tsintara ma baki ne. Ta wuni a kan ƙaya tana kallon kifi, tana ramewa, ana kawo baƙi su gan ta.

Da ruwan farko ya sauka, laka ta motsa. Tabawa ta fito, ta tarar ƙayar ta hana zalɓe shiga. Ta zuba ƙwanta, ba wanda ya ci ko ɗaya.

Tsintara ta ce wa Tabawa ta je majalisa a gyara hukuncin.

"Ƙawata, ke da aka ceta, dubi ƙirjinki," in ji Tabawa. "Wata bakwai na yi a laka ban nemi shaidar kowa ba. Akwai wata ƙorama bayan dutse da majalisa ba ta san da ita ba. Tashi tun kina da fiffike."

Tsintara ta tafi, ta yi ƙiba.

Har yau majalisa na taruwa duk damina a bakin tafkin don yi wa kwaɗi addu'a. Sai dai liman yakan ɗaga murya, saboda mamatan ba sa yin shiru.