Rasuwar Safar Hannun Hagu ta Eilif Brenna

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, Eilif Brenna na garin Granmyra yake sanar da dangi, maƙwabta da duk masu bin hanyar zamiya a kan ƙanƙara ta dajin bayan gari cewa Allah ya yi wa safar hannunsa ta hagu rasuwa ranar Litinin da ta wuce, bayan gajeriyar jinya a cikin injin wanki.

Marigayiyar 'yar gidan mutunci ce. Matarsa Gunvor ce ta saƙa ta da farin ulu da baƙi, a hunturunta na ƙarshe a duniya. 'Yar uwarta ta hannun dama ta fito tsaf, don lokacin da sauran ƙarfi a yatsun Gunvor. Ta hagu kuwa a kan gadon asibiti aka gama ta, babban yatsanta a karkace, adon tauraron da ke bayanta babu reshe ɗaya. Gunvor ta so ta warware ta sake, Eilif ya hana. Duk wanda ya taɓa yi masa ba'a a kan wannan yatsa bai kuma ba.

Ta yi zamanta ba ta ɓata wa kowa ba. Ta riƙe sandar zamiya ba ta taɓa saki ba, ta share hancin maigidanta ba ta taɓa ƙorafi ba, wani lokacin ma ba hanci kaɗai take sharewa ba. Ba mai yawan magana ba ce. Kalmarta ɗaya, ita ma sai ta haɗu da 'yar uwarta: buf, buf. Da wannan tafi na safar ulu Gunvor ta saba wa karensu Fant tun yana kwikwiyo. Yanzu ya tsufa, fito ba ya shiga kunnensa, sunansa ma ba ya ji, buf-buf ɗin nan kaɗai ke juyo da shi.

Sanadin ajalinta ba ɓoyayye ba ne ga mutanen garin nan. Kashin kare ya ishi kowa a hanya. Daskararre yana kankare ƙasan katakon zamiya da ake ɗaurawa a ƙafa, ɗanye ya fi shi mugunta, ya liƙe ya tsayar da katako cak, mai shi ya wuce da ka. Haka Oddny Rustad, shugabar masu kula da hanyar, ta karya wuyan hannu bara, kuma a taron bana ta faɗa ba kwana-kwana: ta sake ganin ko ɗaya a cikin layin da katako ke bi, an rufe wa karnuka hanya ke nan. Ga wasu ƙaramin abu ne. Eilif kuwa, ba don Fant yana tsayawa a bakin ƙofa kowace safiya da igiya a baki ba, da tun rasuwar Gunvor bai sake leƙa waje ba. Ya san haka, mu ma mun sani.

Shi ya sa ya koma mai kwashe na karnukan wasu. Akwai masu tura ƙanƙara da ƙafa su rufe, kamar ba za ta taɓa narkewa ba. Akwai kuma masu ladabi, waɗanda ke ƙullewa a leda su rataye a reshe, wai sai sun dawo. Har yau muna zuba ido. Ranar Lahadi baƙi masu gidajen hutu suka cika daji, kafin rana ta yi tsaka ledojin Eilif sun ƙare kaf, babu ko ɗaya da ta tafi a kan nasa karen.

A gindin dogon gangaren nan mai kwana, inda mai saukowa ba ya iya kaucewa, cikin Fant ya ci amanarsa saboda tsufa, karen ya tsuguna a tsakiyar layi. Ƙanƙarar ta yi tauri kamar siminti, babu abin tonawa, babu ko ɓawon itace a kusa. Sai ga muryar Oddny daga sama: "A ba da hanya!"

Hannun dama yana riƙe da igiya. Marigayiyar ba ta yi gardama ba. Ta sunkuya ta kwashe tas, Eilif ya zare hannunsa, ya juya ta ciki waje, ya cusa ta a aljihu.

Oddny ta tsaya a gabansa tana haki. "Eilif, yau hanya fes! Kai, ina safarka? Ko yatsun ne suka ishe ka?"

"Zafi nake ji."

"Zafi! A wannan sanyin? Lallai tsufa ya fara taɓa ka." Ta wuce tana dariya.

An garzaya da marigayiyar gida. Eilif bai taɓa wanke ulu ba, sai ya yi abin da ƙauna ta ba shi: ya murɗa injin zuwa mafi zafi, don ta fito da mutuncinta. Ta fito fes, wannan gaskiya ne. Ta kuma fito 'yar mitsitsiya, a dunƙule, da tauri, yatsunsa biyu ba sa shiga. Tauraron ya dagule, karkataccen yatsan nan ya shige ciki. Ya daɗe yana jan ta a kan tebur kafin ya yarda rai ya yi halinsa.

Ya kira 'yarsa Solfrid a waya, tana can birnin Trondheim.

"Baba, ulu ka dafa? Ulu fa! Mama ba ta taɓa gaya maka ba?"

"Uwarki ta taɓa barina na kusanci wanki ne?"

Solfrid ta fara dariya, dariyar ta karye a hanya, daga nan aka rasa mai lallashin wani.

Ta rasu ta bar 'yar uwarta ta dama, wadda ke kwance ita kaɗai a gefen murhu, da sandunan zamiya biyu, da Fant, wanda ba a gaya masa ba, ba a kuma ɗora masa laifi ba. Oddny yau za ta fara jin wannan labari. Ana tuna mata cewa "in na gani" ta ce, kuma ba ta gani ba. Eilif bai yi nadama ba, amma zuciyarsa ta karye. Ranar Talata Fant ya yi masa nisa a daji, Eilif ya buga hannunsa tsirara a kan safar dama, sai wani ɗan taf ya fito. Karen ko waiwaye bai yi ba.

Ƙasa a daskare take, saboda haka an ɗage binnewa sai ƙanƙara ta narke, lokacin za a kwantar da ita kusa da wadda ta saƙa ta, in fasto ya kau da kai. Za a yi zaman makoki ranar Lahadi bayan coci a bukkar bakin hanya, da kofi da waina da cuku. Kada a kawo furanni, kada kuma a kawo sabuwar safa, ba za a sa ba. Kowa ya zo da ledarsa, ya kuma koma gida da ita.

Roƙo ɗaya ya rage. Duk mai safar ulu da ya tarar da wani tsoho tsaye a hanya, hannu ɗaya a aljihu, karensa ya yi nisa, don Allah ya tsaya ya tafa masa sau biyu.