Gada Ba Ta Sauko Ba

Wata Asabar a farkon bazarar nan na fita sayen ƙusoshi, na komo gida da na'urar sanyaya ɗaki a kan bonet ɗin motata. Ban saya ba, ba kuma kyauta aka ba ni ba. Daga sama ta faɗo mini.

Ga yadda aka yi. Ina bin bayan maƙwabcina Delbert Haugen, shi yana cikin a-kori-kurarsa yana jan tafi-da-gidanka, wato ɗakin nan nasa mai tayoyi wanda ya girmi wasu magidanta a garin nan. Tafki ya nufa. Kun dai san hanyar tafki ɗaya ce, dole ka bi ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, domin ɗaya hanyar tun ina da baƙin gashi aka rufe ta ana gyara. A goshin gadar akwai allo, an rubuta ƙafa goma sha biyu ɓaro-ɓaro. Ɗakin Delbert bai kai haka tsawo ba, kuma shekara da shekaru yana wucewa da shi ta nan, ko tattabarun da ke kwana a ciki bai taɓa tasa ba. Sai kawai na ji ƙara kamar ana buɗe ƙaton gwangwani. Gada ta aske rufin ɗakin tas. Na'urar ta yi tsalle ɗaya a kan kwalta, na biyu a kan motata. Da ta ƙara ko taku guda, da yau wani ne yake rubuta muku wannan shafi, kuma da yabona yake yi.

Delbert ya fito. Ya dubi rufin, ya dubi allon, sannan ya dube ni.

"Virgil, kana da rai?"

"Ina kyautata zato. Kai fa?"

"Ni lafiyata ƙalau. Gadar ce ta gajarce."

Kafin wani ya ce ina kare aboki, bari in yarda da abin da kowa ya sani. Mu mutanen nan kusa da iyakar Kanada, da ƙanƙara ta narke, hankalinmu ma narkewa yake yi. Kowa ya ɗaura ɗakinsa a gindin mota ya nufi ruwa, sai ka ce kifin zai gudu. Akwai wanda ya loda itacen wuta da janareta da firji duk a can ƙarshen ɗakin, ya hau babban titi, ɗakin ya shiga kaɗa gindi hagu da dama har ya juya motar ta fuskanci gida. Akwai wanda ya ɗora mahaɗi, wato ƙarfen da ke haɗa ɗaki da mota, a kan ƙwallon ƙarfen bayan motarsa bai kulle ba, sarƙoƙin ma bai maƙala ba. A gangaren makabarta ya ga wani ɗaki ya wuce shi a guje ba mota, ya ce wa matarsa, "Dubi na wani sakarai, irin namu sak." Ba zan faɗi sunansa ba, domin ƙanwata yake aure.

Delbert ba ya cikin waɗannan. Shi ne mutumin da kafin ya tashi sai ya gitta sarƙoƙi a ƙarƙashin mahaɗi, ya gwada fitilu, ya gwada birki, ya auna iskar taya, ya zagaya ɗakin, ya sake zagayawa har mai jiransa ya yi fushi. In ana neman wanda bai cancanci gada ta yi masa aski ba a garin nan, shi ne.

Laifinsa guda ne: bai san an fara satar iska ba. Bazara biyu ke nan duk mai dogon ɗaki in ya iso bakin gada sai ya ratse gefe, ya tsuguna, ya sace wa tayoyinsa iska har ɗakin ya ɗan zauna, sannan ya lallaɓa ya wuce. Kowa yana cewa zai mayar da iskar a gaba. A gaban kuwa babu famfo, sai rana da titi mai zafi, shi ya sa hanyar tafki ta cika da ɓawon tayoyin da suka fashe. Bazara biyun nan Delbert bai je ko'ina ba, yana gida yana jinyar matarsa Arlys, wadda ta rasu a hunturun da ya wuce. Kowannenmu ya ɗauka wani ya faɗa masa.

Me ya sa muke satar iska? A nan ne zan cire hula in gaida shugaban gundumarmu, Mai Girma Sarkin Kwalta, uban baƙin titi, gwarzon da ba ya barci in zaɓe ya matso. Allah ya ja zamaninsa. Wasu garuruwan kuka suke yi ba a yi musu titi, mu kuwa titi ɗaya ake yi mana, a sake yi mana, a kuma sake. Duk kakar zaɓe sai an shimfiɗa sabuwar kwalta a ƙarƙashin gadar nan, domin nan ne hoto ya fi kyau. Ba a kankare tsohuwar. Ai ita ma ta da ɗin aikinsa ce, wa zai sa hannu ya kankare tarihinsa? Haka titin ya yi ta hawa a hankali, allo kuwa yana nan a kan maganarsa ta zamanin iyayenmu.

Washegari 'yar Delbert ta iso daga birni. Rhonda nas ce, yarinya mai hankali mai son ubanta, sai dai ta yarda da duk abin da aka rubuta a allo. Ina tsaye a bakin shinge aka yi maganar.

"Baba, allo ya ce goma sha biyu, ɗakin bai kai ba. To waye ya yi kuskure, kai ko allo?"

"Allo."

"Haba Baba. Ko ka ɗaga mahaɗin ya yi sama, ko ka shigo da gudu ɗakin ya yi tsalle. Ba laifinka ba ne, shekaru ne. Jiya ka kusa kashe Kawu Virgil. Gobe wa za ka samu?"

Na ce, "'Yata, ni da aka kusa kashewa ba ni da ƙorafi. Titin ne ya taso."

"Kawu, don Allah bari. Ku tsofaffin garin nan in ɗayanku ya take kare, sai ku taru ku rantse karen ne ya zo da gangan."

Ta miƙa hannu. Delbert ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya zura nasa a aljihu ya ba ta makullan a-kori-kurar, ta jefa a jaka.

Wallahi abin ya taɓa ni. Akwai wani wuri a bakin tafki, ƙarƙashin itatuwa, inda shi da Arlys suke kafa ɗakin nan duk bazara tun suna amarya da ango. Can yake son komawa, ko sau ɗaya, ya zauna a kujerarsa ya ajiye tata a gefe. Bazararmu kuwa gajeriya ce, kafin ka gama yabonta ta tafi. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa da sauri kamar yadda Delbert ya tsufa a barandarsa cikin kwanakin nan ba.

Don haka na ɗauke shi a motata mai lotsattsen bonet, muka je wurin na hannun daman Sarkin Kwalta, wato Mai Girma Za-a-Duba. Ofishinsa sanyi ƙalau. Na'urarsa irin tawa ce, sai dai tasa a bango take.

Delbert ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, allon gada ƙarya yake yi."

"Kai, kai, dattijo, a riƙa tauna magana. Gadar ta sauko ne?"

"Ba ta sauko ba."

"Madalla. Wani ya taɓa allon?"

"Ba wanda ya taɓa. Titin ne ya hau sama."

Mai Girma ya washe baki. "To ai wannan shi ake kira ci gaba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ci gaban ya kusa raba ni da kaina."

"Allah ya kiyaye gaba. Amma ku fahimce ni. Gada ta mutanen jirgin ƙasa ce. Kwalta tamu ce, muna kuma alfahari da ita. Allo na waɗanda suka kafa shi ne, su kuwa sun yi ritaya."

"To tsakanin kwalta da gada fa," in ji Delbert, "inda muke wucewa, na waye?"

Mai Girma ya dubi silin ya yi nazari sosai, don a gaskiya mutum ne mai zurfin tunani.

"Wannan ai iska ce, dattijo. Ba mu da sashen iska."

Delbert ya murza hularsa a hannu. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ba gyaran rufi na zo nema ba. Ga waya nan a gabanka. Ka kira 'yata ka gaya mata ba idona ba ne, ba kuma hannuna ba. Shi ke nan abin da nake roƙo."

"Za a duba."

Kada ku ce ba a duba ba. Ni mai faɗin gaskiya ne ko a kan manya. Ba a daɗe ba aka kawo tsani da fenti, aka sake shafe allon ya yi rawaya shar, aka sake rubuta ƙafa goma sha biyu da manyan baƙaƙe masu ƙyalli ko da dare. Sarkin Kwalta da kansa ya zo ya yanke kirtani, aka tafa, aka ɗauki hoto. Rhonda ta ga hoton ta bugo wa ubanta waya: "Ka gani ko, Baba? Har sun sabunta shi. Da akwai kuskure ai da sun gyara."

Amma yarinyar tana da tausayi. Ta sa aka gyara rufin, aka ɗora sabuwar na'ura, ta ce za ta kai shi tafki ya kwana biyu, da sharaɗin ita za ta tuƙa. Da hannunta ta daidaita mahaɗin, ta duba komai yadda ya koya mata tun tana ƙarama. Ni ma na bi su, amma a wannan karon da tazarar da sai na sa tabarau nake hango su.

A bakin gada suka ratse, na iso na tsaya. Mutum uku suna tsugune a gindin ɗakunansu, ba ka jin komai sai tsiii, tsiii.

Rhonda ta ce, "Baba, ba zan ɗauke ka a kan tayoyi marasa iska ba."

"Ni ma ban ce ki sace ba. Haɗari ne. Cewa na yi ba zai wuce ba."

"Zai wuce. Ka zuba ido ka ga yadda ake yi a hankali."

Ya ce, "To. Virgil, ja da baya."

Ta shiga a hankali kuwa, kamar mai rakiyar gawa. Na Delbert aski ne na farat ɗaya, nata kuwa fiɗa ce. Ƙarfe ya yi ta kuka, tattabaru suka watse, masu satar iska suka miƙe tsaye suka cire huluna. Sabuwar na'ura ta zame ta bayan ɗakin ta sauka a kan sabuwar kwalta, ko birgima ba ta yi ba.

Rhonda ta fito. Ta dubi allon mai ƙyalli. Ta dubi rufin. Sannan ta sunkuyar da kai ta dubi gefen titi, inda dakalin masu tafiya a ƙasa yake da, wanda take zama a kai tana lilo da ƙafa lokacin tana 'yar makaranta. Babu dakali. Kwalta ta cinye shi, sun zama ɗaya. Idonta ya kawo ruwa. Sai ta koma ta zare makullan, ta zagayo ta buɗe ƙofar da ubanta yake, ta sa masa su a tafin hannu ta dunƙule masa yatsu.

"Baba, ka yafe mini."

"Ba komai, 'yar nan. Matsa can ki zauna." Ya ɗaga kai ya dubi ramin da ke rufin. "Dama mamarki ba ta taɓa son abin nan ba. Cewa take yi yana hana ta jin kukan tsuntsayen ruwa."

Muka taru muka ɗaure masa tamfol a kan ramin. Ya zagaya ɗakin, ya duba sarƙoƙi, ya gwada fitilu, ya sake zagayawa, ba wanda ya yi fushi. Sannan ya shiga mazaunin direba, ya gyara madubi ya dawo daidai idonsa, suka kama hanyar tafki da cikakkiyar iska a tayoyinsu.

Yanzu na'urori biyu ne a garejina, mai bukata ya zo da igiya. Jiya kuma na ga motocin kwalta sun fara taruwa a bayan gari, alamar zaɓe ya ƙarato. Da na so in yi fushi, sai na zauna na yi tunani, na ga ashe mu ne ba mu fahimci Mai Girma ba. In Allah ya ba shi tsawon rai muka ci gaba da zaɓensa, wata rana titin zai tarar da gadar, mu daina bi ta ƙarƙashi mu koma bi ta kai. Mutumin yana da tsari, jama'a. Haƙuri ne ba mu da shi.