Hular Auduga a Bakin Rijiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da injin haƙa rijiya ya fid da ruwa a ƙauyenmu ba, nan gefen Kanan-Bakashe. Mutane ruwan suke tunawa. Ni kuwa hula.

Shekarar fari ce, zamanin soja. Cikin shekarar nan matata Hajara ta rasu, ta bar mini ɗiyarmu Ramma mai shekara shida. Tun tana goye Ramma ba ta jure ƙara. Ko jaki ya yi kuka kusa da ita, sai ta dafe kunnuwa ta durƙushe. Uwarta ta san yadda take lallaɓa ta. Ni ban taɓa tambaya ba, ina can bisa keken ɗinkina. Bayan rasuwar, ko ƙofar gida Ramma ta daina leƙawa.

Sai ga injin ya iso bisa babbar mota. Mu da ba mu da wurin wasa, ya zame mana abin kallo. Yara su wuni can, su dawo da labarin ƙarfen da ke nutsewa cikin ƙasa kamar allura cikin yadi. Rannan Ramma ta ce, "Baba, ina son in ga inda ruwa ke fitowa."

Shi ne abu na farko da ta roƙe ni tun da muka zama mu biyu. Na ce za ki gani.

Na zauna nazari (telan da ya tsaya aji huɗu a lekol, makarantar boko, wai shi ne mai nazari). Abu ɗaya ya ɗaure mini kai: kekena ma yana ƙara, amma sai ta zauna gefensa tana kallon ƙafata, ko gezau. Ban gane dalili ba, na bar shi. Na farke matashin kan Hajara, na ɗebi auduga, na ɗinka hula mai kunnuwa irin haɓar kada, da igiyar ɗauri ƙarƙashin haɓa. Na sa mata, na buga faranti a bayanta. Ta zabura, amma ba ta yi kuka ba. Na ce aiki ya yi.

"Ni kaɗai zan sa?" in ji ta. "In ba ka sa ba, ni ma ba ni sawa."

Na ɗinka tawa. Don in nuna mata ba ciwo, har na ƙara cusa wata audugar cikin kunnuwana.

Ranar da aka ce ruwa zai fito, kumandan, sojan da ke riƙe da yankinmu, ya zo daga Mayahi da dakarunsa. Muka fito cikin zafin bazara, ni da Ramma, kawunanmu kamar kabewa biyu. Abokina Ɗan-Ladi maƙeri ya ce wani abu, jama'a suka fashe da dariya. Ban ji ba. (Daga baya ya faɗa mini cewa ya yi, "Tela, ko sanyin Faransa ya iso gidanku?")

Injin yana ruri, ƙasa tana rawa. Ramma ta ƙanƙame hannuna. Na durƙusa gabanta, na ba taro baya, ina lallashi. Ashe an kashe injin don kumandan ya yi jawabi. Ni ban sani ba, don auduga ta toshe mini kunnuwa. Na ga idonta ya kafe bisa wani abu a bayana, na waiga kaɗan, na hango mai kaki yana ɗaga hannu. Na ɗauka shi take tsoro. Sai na buɗe murya iyakar ƙarfina, yadda za ta ji ta cikin auduga:

"Kada ki damu da wancan, Ramma! Surutu ne kawai! Rana na dukan ƙeyarsa zai koma motarsa!"

Ramma ta miƙa hannu ta kwance igiyar hulata. Tata tuni tana hannunta.

"Baba," ta ce, "sun kashe tun ɗazu."

Na zare audugar. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Mai gari ya sunkuyar da kai. Liman yana duban yatsun ƙafarsa. Ɗan-Ladi ya cusa gefen riga cikin baki. Wani soja ya taho ya kama kafaɗata, kuma a zamanin nan kowa ya san inda magana irin tawa ke kai mutum. Abin da ya zo mini a rai: wa zai koma da ita gida?

Kumandan ya karɓi hular yana jujjuya ta. "Wannan kuma mi ne ne?"

Ramma ce ta amsa, tana bayan rigata. "Don ƙara ne. Amma ba ta yi. Inna faɗa mini take yi kafin abu ya yi ƙara."

Shi ke nan sirrin da na kasa tambayar Hajara. Shi ya sa kekena bai dame ta ba: ƙafata take kallo, ta san lokacin da zai tashi.

Kumandan ya dube ta. Sannan ya kira mai injin. "Kada ka tada shi sai yarinyar nan ta ɗaga hannu." Ya juyo gare ni. "Kai kuma tela, tsaya nan cikin rana, mu ga ƙeyar wa za ta fara duka."

Ramma ta tsaya, ta ja numfashi, ta ɗaga hannu, sannan ta toshe kunnuwanta da yatsu. Injin ya tashi. Ko motsi ba ta yi ba. Ni da ba ni da hula na zabura, na ja da baya, na zauna daram cikin ramin taɓon da injin ya tara. Daga nan zaune na ga ruwa ya yi tsiri sama, na ga Ramma tana dariya. Ban ji dariyar ba saboda ƙara, amma na gan ta.

Audugar na mayar cikin matashin Hajara, na ɗinke. Har yau tsofaffin garinmu Mai-Kabewa suke ce mini. Abin da na koya bai da yawa: in yaro yana tsoro, a fara tambayarsa kafin a ɗauko almakashi. Kuma duk wanda zai toshe kunnensa cikin taro, ya rage 'yar auduga don bakinsa.